Ƙofar Gidana a Taswirar Waya

Nana Hadiza Jibirin,
Lungun Tsohuwar Rijiya, Unguwar Hausawa,
New Bell, Douala.
Litinin, 19 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Majalisar Dattawan Unguwa,
Unguwar Hausawa, New Bell.

Game da: Sanya gidana a taswirar intanet da Malam Rilwanu Ahmadu ya yi, da haɗarin da hakan ya jawo wa ƙanena Mudi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa gare ka da sauran iyayenmu dattawa, ni ce mai suna a sama, tsohuwar mai buga takardu a ofis, wadda yanzu ke sayar da waina da miyar taushe a ƙofar gidanta. Shekara ashirin da biyu na yi ina buga ƙorafin wasu. Yau nawa nake bugawa, kuma hankalina ba a kwance yake ba.

1. Majalisa ta san Malam Rilwanu, wanda ya dawo bara bayan ya yi aiki a wani kamfanin binciken intanet a ƙasar waje. Kowace Lahadi bayan la'asar yakan tara jama'a ya koya musu dabarun waya: yadda ake tambayarta da baki, yadda ake share tarkace idan ta cika, da cewa kada mutum ya sa shekarar haihuwarsa a matsayin lambar sirri. Yakan haɗa da labarin ofishinsu, inda wai abinci kyauta ne, har da kujerar barcin rana. Mun sha labarin kujerar nan har mun haddace. Ban ce mugu ba ne, ni ma na ƙaru da shi.

2. Ranar Lahadi, 13 ga Afrilu, ya ce duk mai sana'ar da ba ya cikin taswira kamar babu shi ne. Ya ɗauki hoton ƙofata, ya sa sunana da lokutan da nake fitowa da kasko, ya dasa alama daidai kan gidan. Ba zan ɓoye wa majalisa ba: da yardata aka yi, har mayafi na canza saboda hoton. Abin da idona bai kai ba shi ne, a bayana cikin zaure, jan babur ɗin Mudi yana jingine, lambarsa ɓaro-ɓaro.

3. Mudi ɗan bensikin ne, haya yake yi da babur a Grand Hangar. A watan Fabrairu ya ga waɗanda suka tare wani ɗan kasuwa suka sassare shi, ya gane biyu daga cikinsu, kuma ya yarda zai ba da shaida a kotu ranar Laraba, 28 ga Mayu. An kama ɗaya, sauran suna waje. Shi ya sa ya tattaro ya dawo wurina, domin kowa ya san yadda unguwarmu take. Gidajenmu ba su da lamba. Baƙo sai ya tsaya bakin lungu ya yi tambaya, masu shago su tambaye shi daga ina, wa yake nema, su ba shi benci, a aika cikin gida. Idan mai gida bai yarda da shi ba, sai a ce ba a san mai sunan ba. Da wannan muka taso, kuma da shi na dogara.

4. Yanzu babu mai tsayawa. Ranar Alhamis, 8 ga Mayu, da hantsi, maza biyu da ban taɓa gani ba suka shigo lungu kansu a sunkuye kan waya, ba su yi wa kowa sallama ba, suka zo har gaban kaskona. Sun sayi waina, ba su ci ba. Ɗayan ya yi ta leƙen zaure. Ranar Talata, 13 ga wata, suka dawo su uku, suka tsaya tsallaken kwata kusan awa guda ana yayyafi.

5. Ranar Asabar, 17 ga wata, aka rubuta tambaya da Faransanci a ƙarƙashin hoton, wurin da masu saye ke barin ra'ayi. Mai rubutun bai sa hotonsa ba. Yana tambayar ƙarfe nawa mai jan babur ke fitowa da safe. Ranka ya daɗe, wannan ba tambayar mai son waina ba ce. Tun ranar ban sake hura wuta ba, ina jin tsoro ƙwarai.

6. Na yi ƙoƙarin goge shafin, ashe Malam Rilwanu da adireshinsa na imel ya buɗe shi, lambar sirrin tana hannunsa. Na kira shi sau goma sha ɗaya. Ranar Lahadi na bi shi har Cité des Palmiers inda ya koma da zama. Amsarsa ita ce ko an nemi a goge, sai kamfani ya duba, abin kan ɗauki lokaci, kuma wai ina ɓata masa aikin da ya yi wa unguwa don Allah. Mutumin da ya koya mana kada mu ba kowa sirrin wayarmu, shi ne ya riƙe nawa. Na kai rahoto ga jami'an tsaro, sun rubuta.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon majalisa ta kira Malam Rilwanu a yau ɗin nan, ta sa shi ya cire hoton da alamar a gaban shaidu. Ina roƙo a umarci masu shagon bakin lungu su koma tare baƙo da tambaya, ko da waya ta nuna masa hanya. Ina kuma roƙo a samo wa Mudi wani gida cikin unguwa wanda ba ya cikin taswirar kowa, tare da mutanen da za su raka shi kotu. Na ce masa ya janye shaidar, ya ƙi, kuma a raina na san shi ke da gaskiya.

An sanar da ni cewa majalisa ba ta duba takardu sai a zamanta na Lahadin farkon wata, wato 1 ga Yuni. Ina roƙo don Allah kada a ajiye wannan sai ranar. Kwana tara suka rage a shiga kotu, mutanen nan sun san haka, kuma Mudi kaɗai ya rage mini cikin 'yan ɗakinmu.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da nisan kwana.

'Yarku mai biyayya,

Nana Hadiza Jibirin
(Sa hannu)