Gonar da ke cikin waya

Zuwa ga Yaya Isuhu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikinka, yaya Hadiza da yara, yaya zaman Abijan? Mu nan Tama sai godiyar Allah, amma ina cikin damuwa.

Jiya malam ya zo rabon gadon maigidana Sani. Sai a nan na ji cewa tun bara marigayin ya sai da garkarmu ta albasa, ya sayi fili cikin wani wasa na waya. Can yake noma da kiwo, abin da ya samu ana canza mishi da kuɗin sefa. Ashe da shi muke cefane, ban sani ba.

Malam ya tambayi su wa ke iyaka da gonar, su wa sunka shaida cinikin. Anka ce mishi cikin waya take. Ya ce ba ya raba gonar da ba a takawa da ƙafa, ya tashi. Yanzu ƙannen Sani na cewa ni na ɓoye ta, ga marayu huɗu, ga rumbu ya kusa ƙarewa.

Yaya, don Allah ka tambayi masu gyaran waya na can, ko akwai dabara. Ka gaida Hadiza, ku saka mu cikin addu'a. Wayar na hannuna, ina ta cajinta kar ta mutu. Amma da yatsan Sani kaɗai take buɗewa, yatsan kuwa kwanansa arba'in cikin ƙasa.

Ƙanwarka,
Rabi