Fentin Matakalar Mama

Réjean, ƙanena,

Na tafi aiki, ban so in tashe ka ba.

Jiya na kai wa tsoho Gaétan mai shagon fenti guntun ƙarfen da ya faɗo daga matakalar waje, wadda Mama take hawa zuwa ɗakinta. Na ce ya ba ni fentin da zai jure ƙanƙara. Ya murza ƙarfen, ya marmashe kamar biskit.

Ya ce, "Haba Ghislaine, me za ki shafa wa fentin? Gishiri kuke zuba mata lokacin sanyi, ko?"

Na ce ƙwarai, don kada Mama ta zame.

Ya ce, "To, shi ya cinye ta."

Ya ce sai dai a cire ta gaba ɗaya, matakalar da marigayi Baba ya ƙera da hannunsa.

Ka ɗaure ta da igiya, Mama ta riƙa bi ta matakalar baya. Duk da haka na sayo gwangwani ɗaya, kore irin na Baba, yana kan tebur. Kada ka gaya mata komai tukuna. Tun jiya ta wanke burushinsa, tana jira.

Ghislaine