Haƙoran ragon layya

Daren Laraba, Dengfeng, ƙasar Sin

Tun ina yaro nake jin wai mutum kan ɗauki cutar dabbobi a hannunsa ya kai wani garke, shi kuwa lafiyarsa ƙalau. Na ɗauka zancen hira ne.

Yau na koma ƙauyen bayan duwatsu ɗauko ragon layyata. An tare hanya, an barbaɗa farar hoda, ma'aikata sun rufe jiki har fuska. Kogon da tumaki ke fakewa in ana ruwa ma an ɗaure bakinsa da igiya. Duk kwarin ko kukan tunkiya ɗaya babu.

Na tambayi mai gadi ragona. Ya ce, "Meyo." Babu.

Makon jiya garke huɗu na zaga, ina buɗe bakin kowane rago in duba haƙora, yadda muke yi a gida. Ragon farko da na duba yana dalalar da yawu. Ban wanke hannu ba sai alwalar azahar.

A ƙofar garke na biyu sai da aka maimaita mini maganar ɗaukar cuta a hannu, na yi dariya na shige. Wanda aka binne tumakinsa kaf shekaranjiya ne ya faɗa mini, mai garken, wani tsoho da ake kira Ma.