Kunkurun Yaya Ya Farka

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu ma nan lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi har ta koma zagayen tsakar gida tana duba aikin da ba ta sa kowa ba. Matata tana gaishe ka, ta ce hoton da ka aiko ya nuna ƙiba, ni kuwa na ce mata kumatun gado ne.

Dalilin rubutun nan shi ne Kunkuru. Ka tuna baƙar na'urar nan mai faɗi da muka laƙaba wa wannan suna, wadda marigayi Yaya yake jona wa jitarsa, yana taka ta da ƙafa tana sauya masa sauti? Mun ɗauka ta ɓace tun rasuwarsa. Ashe duk shekarun nan ita ce ke tokare ƙofar ɗakin ajiya, an naɗe ta da tsohon buhu. Da kafinta ya zo gyaran ƙofar ya ɗaga ta, ya tambaye ni ko fedar keken ɗinki ce. Na goge ƙurar, na nemo jitar a kan kabad, igiyoyinta biyu sun tsinke, na aro lasifika a maƙwabta. Ina jona na'urar da wuta sai ga wata jar fitila ta kama.

Ka san hannuna bai san komai ba sai juya shafi, amma na zauna ina kaɗa igiya ɗaya ina taka maɓallai. Auta, ban taɓa sanin abin da ke cikin akwatin nan ba. Gurbi-gurbi ne, kowanne da muryar da Yaya ya haɗa da kansa ya adana. Wani kamar ana kiɗa a cikin rijiya, wani kamar ƙudan zuma a gwangwani. Akwai wanda duk abin da ka kaɗa sai ya yi ta maimaita maka yana raguwa, kamar Kawu idan ya fara nasiha. Na yi ta mamakin mutumin da ba ya iya soya ƙwai, amma ya zauna ya ƙera wannan duka. Me yake nema a ciki? A da ina ce masa hayaniya ce kawai.

Da na kai wani gurbi can wajen ƙarshe, sai sautin ya yi laushi, yana ɗan rawa kamar muryar mai shirin kuka. Ban ankara ba sai ga Inna a bakin ƙofa, carbi a hannu. Ita da take cewa kiɗan nan ya hana kajinta ƙwai, ta tambaya wa ya taɓa kayan ɗanta. Sai ta zauna a kan buhun shinkafa ta ce in sake. Na sake. Ta ce sautin dai shi ne, amma hannun ba shi ba ne, kuma in daina azabtar da igiyar.

Na kai wa mai gyaran rediyo na'urar don ya duba ɗan gilashinta mai nuna lambobin kowane gurbi, domin rabin rubutun ya dushe, ba a iya karantawa. Ya ce gilashin ba ya gyaruwa. Ya kuma nuna mini wani ɗan batir kamar maɓallin riga, ya ce shi ke riƙe da duk abin da Yaya ya adana, kuma ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. In ya mutu, komai ya goge. In an cire shi don a sa sabo, nan ma ya ce ba zai lamunce komai ba. Tun da ba a iya kwafe lambobin, sai dai a samu mai kunne ya saurara da kyau, ya sake haɗa su bayan an canza.

Mai kunnen nan kai ne. Kai ka zauna gefensa kana riƙe masa waya, kai ya koya wa kiɗa. Na san ka ce ka ajiye jita tun ranar da muka rasa shi, ban kuma taɓa matsa maka ba. Na ce wa Inna ko in kunna maka ta waya, ta ce waya tana mai da komai kukan sauro. Ta karɓe Kunkuru ta kai ɗakinta, ta rufe shi da sabon mayafi, ta hana kowa taɓawa.

Ka gaishe mini da matarka, da takwarar Inna, da ɗan autanku mai fasa kofuna. Gwaggo da Kawu suna gaisuwa. Na sayi sababbin igiyoyi, ban ɗaura ba, don ban san ta ina ake farawa ba. Kowace safiya Inna takan sa in jona wuta ta ga jar fitilar ta kama, sannan ta tambaye ni ko ka ce wani abu, alhali sai yanzu nake sanar da kai. Yau ma ta kama.

Naka,
Yayanka mai gilashi