Firijin da Aka Ba Hutu

Bengaluru, 20 ga Oktoba

Zuwa ga yayata, Nani Kuntala,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da mutanen gida duka, allahiyarmu Maa Samalei ta ci gaba da tsare ku. Yau shekara uku da wata biyar rabona da Balangir. Na samu saƙonki cewa mahaifinmu Bapa ya daina fitowa tsakar gida saboda rashin lafiya, kullum yana tambaya ko na sayi tikitin jirgin ƙasa. Ban saya ba, Nani. Ba zan zo wannan watan ba.

Kin san aikina a ɗakin binciken nan, tace furotin daga jinin masu sikila, cutar da ta ɗauke ƙanenmu Tikelal. Abin kamar dogon zare yake, an naɗe shi wani irin naɗi, kuma da naɗin nan yake riƙe iskar da muke shaƙa. A jinin mai sikila ƙulli ɗaya tak ya sauya a zaren, shi ke sa zaruruwan su manne wa juna har ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. In kuma furotin ɗin ya daɗe cikin ɗumi sai naɗin ya warware, ya zama kamar dafaffen ƙwai, ba mai mayar da shi ɗanye. Shi ya sa yake zama a firiji mai tsananin sanyi. Shekara biyu ina tarawa, kuma shugabarmu Dakta Shenoy ta ce da an gama awo zan tafi hutu.

Sai ga Ayudha Puja, bikin girmama kayan aiki. Kamar kowace shekara aka goge na'urori, aka rataya musu furanni, aka kashe su su huta. Gowramma, matar da ke mana shara, ta ji firijin nan kaɗai yana gurnani. Ta ce tausayi ya ba ta, shekara nawa bai taɓa hutawa ba, sai ta zare wayarsa. Kwana uku ba kowa. Da na buɗe shi ruwa ne ya zubo min a ƙafa, furensa kuwa na rataye a ƙofa.

Na yi mata ihu, na kuma yi nadama. Ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ke ciki, har da ni da nake wuce ta kullum. Ƙararrawar firijin batirinta ya mutu tun tuni, sau biyu ina rubuta wa ofis. Yanzu ita suke so su kora. Na ce musu su fara da wanda ya cusa takarduna a durowa. Dakta ta ce hutu sai an sake tarawa. Na tambaye ta ko Bapa zai jira, sai ta koma kallon takalminta.

Ki gaida mijinki Bhinoi Jugal, da Padmini, da gwaggonmu Piusi Malati. Bapa kuwa kada ki ƙirga masa watanni, ki ce kawai ina gaishe shi.

Jiya na gama gwada kwalaben furotin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Kwalba ɗari biyu da sha biyu na ajiye. Na can ƙurya da ƙanƙara ta rufe ne kaɗai suka tsira. Goma sha tara.

Ƙanenki,
Dibakar