Yara Sun Fara Bar Mini Igiyar Ruwa

Anti Noreen, don Allah ki taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Shekarata arba'in da ɗaya, sana'ata hawan igiyar ruwan teku a kan allo. Ba wanda ya ɗora ni a kai. A aji huɗu na bar sakandare, na yi wanke-wanke a shagon soyayyen kifi da dankali, na sayi karyayyen allo na liƙe shi da hannuna. Da wannan na kai har gasar ƙasashen waje, na ɗauko kofi biyu. Ba yabon kai ba.

A gaɓar tekun garinmu, Yamba, igiya ƙwatarta ake yi. Tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare kaɗai ake bar wa. Ni kaina na sha bar wa marigayi Clarrie, da gwiwoyinsa suka gaza.

To ranar Asabar wata babba ta taso, mai kyau. Darcy, matashin da yanzu ake ji da shi a garinmu, ya riga ni wuri, tasa ce. Sai ya janye allonsa, ya ɗaga murya wai in hau, Kawu, tawa ce. Kawu fa! Sauran har da tafi. Na daskare, igiyar ta wuce ba kowa a kanta.

Matata Bronwyn ta yi dariya har da hawaye, ta ce in ta sayo mini sanda, wane launi nake so. Gaskiya kafaɗata ta dama tana damuna, amma ban faɗa wa kowa ba. Ko sun gani ne? Ƙarshen watan nan za a rufe rajistar gasar baɗi, kamfanin da ke ɗaukar nauyina kuma ya fara yi mini zancen koyar da yara. Girmama ni aka yi ko sallamata? In shiga ko in haƙura?

Mai kofi biyu, Yamba

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Ina jin duka biyun ne. Darcy ya girmama ka, kuma wataƙila idonsa ya ga abin da kake ɓoyewa, don wanda ke iyo kusa da kai ba ka ɓoye masa kafaɗa.

Amma ba shi zai yanke maka hukunci ba. Ka fara nuna wa likita kafaɗar nan, ka kuma gaya wa Bronwyn. In likita ya yarda, ɗauki allonka ka tafi gaɓar da ba a san ka ba, inda ba mai bar maka komai. In ka ƙwaci rabonka, yi rajista. In abin ya gagara, koyarwa ba faɗuwa ba ce. Wanda ya liƙe allo da hannunsa yana da abin koyarwa.

Sai tambaya biyu. Da kake bar wa Clarrie, raina shi ka yi? Kuma ya taɓa barin igiya ta wuce a banza? In Darcy ya sake, ka hau, ka nuna masa yadda Kawu ke yi.

Allah ya ba ka lafiya.

Anti Noreen