Sunan da ke Kan Kwali

Kilomita Biyar, Bangui
Watan Rajab

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya Garwa-Bulai, yaya kasuwar bakin iyaka, yaya kuma gwiwar nan da ke damunka idan damina ta sauka? Mu nan lafiya lau, irin lafiyar da ake samu a unguwar da ba a fita. Hureira da Sulaimanu suna gaishe ka.

Ka san ni ba mai son rubutu ba ce inda baki zai iya. Amma na lura duk ranar da na kira ka na ɗauko maganar karatun yaran nan, sai rezon waya ya ɗauke. In hirar albasa ce ko ta siminti, muryarka garau take fita. Shi ya sa na rubuta na ba Lado direba, tunda takarda ba ta katsewa.

Tun da aka ƙone mana gida a unguwar Miskine ka ajiye mu a gidan Yaya Alhasan ka bi ayari, Hureira ba ta sake taka lakwal ba, wato makarantar boko. Ta unguwarmu a rufe take, ta waje kuwa ba uwar da za ta kai ɗanta. Yarinya ta kusa shekara takwas, baƙaƙen boko ma ba ta gama sani ba. Na gaji da jira, na buɗe musu aji a barandar ɗakinmu. Ka tuna ƙyauren da muka tsira da shi daga Miskine? Na fasa tsofaffin batura na kwaɓa baƙinsu da kokon rogo na shafe shi, ya zama allo. Alli kuwa busasshen rogo ne, yana rubutu fari tas, sai dai ɗanka Sulaimanu yana cinye mini shi kafin a tashi. Lissafi da marafan kwalba muke yi, rubutu a takardar buhun siminti.

Duk wannan dabara ce, amma ba ta kai yaro ga karatu. Ina son ka sayo mini littafin koyon karatu na Faransanci, na ajin farko, mai hotuna. Ka haɗa da alli na gaskiya, da ƙananan alluna baƙaƙe, da kaye, littafin rubutu mai layi, da fensir. Kada ka sayo bik, wato biro, hannunsu bai kai ba. In ka ga taswirar ƙasar nan ka sa a ciki, don yaran da ake ce wa baƙi ya kamata su san kamannin inda aka haife su.

Ga dalilin gaggawata. Yaya Alhasan ya ce zama gaban ƙyaure ba makaranta ba ce, wasan 'yar tsana ne. Yana son Hureira ta fara ɗaukar tiren makala, fanken da matarsa ke soyawa, tana zagayawa a Titin Koudoukou. Titin da aka jefa gurneti kusa da 'yan canji, kai ma ka ji labari. Na roƙe shi har na durƙusa. Ya ba ni zuwa ƙaramar Sallah: in ta karanta abin da ya nuna mata a gabansa, zai ƙyale ta, in ta kasa, ta ɗauki tire. Ka bar masa ragamar gida, ba ni da bakin musu, amma 'yata ba za ta hau titin nan ba.

Abu ɗaya na ƙarshe: ka rubuta sunana a kan kwalin. Ka ji dai na faɗa.

Allah ya tsare mana kai, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Zulai

Kilomita Biyar, Bangui
Watan Sha'aban

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Yara lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Kwalinka ya iso, amma ban ji daga bakin kowa ba. Sukari na aika a sayo a shagon Yaya Alhasan, aka kawo mini shi ƙunshe a takarda. Ina warwarewa na ga hoton akuya, da manyan baƙaƙe a ƙarƙashinta, da lambar shafi a gefe. Na tsaya ina kallo kamar wadda aka mara. Littafin 'yarka ne, wanda na yi wata guda ina leƙen hanya dominsa.

Na yafa mayafi na nufi shagon. Ga kwali nan a bayan buhunan shinkafa, an farke shi, sunan yayanka ɓaro-ɓaro a jiki da rubutun hannunka. Kaye da fensir ya jera su a kantar shago, masu shaguna sun kwashe don lissafinsu. Allin tela ya saye. Allunan ya ba masu sayar da fetur a kwalba suna rubuta farashi. Littafin kuwa ya ce guda ɗaya ne, ba a sayar da kaya guda ɗaya, ga lakwal a rufe, ga leda ta yi wuya tunda hanya ba ta buɗuwa kullum. Sai ya ɓalle shi shafi-shafi yana ƙunshe sukari da gishiri da sabulu. Taswirar ma da ita ya shimfiɗe kantar shago, har manja ya zube mata.

Na yi magana, ya nuna mini kwalin da ɗan yatsa. Ya ce kayan da ya zo da sunansa nasa ne, haka aka saba tun zamanin mahaifinku, duk abin da ya sauka daga mota shago yake shiga. Ko tsawa bai yi mini ba. Da ya yi ma da na fi jin sauƙi.

Haushinsa da nake ji bai kai naka ba. Shi ɗan kasuwa ne, komai ya gani farashi yake gani. Kai ne na ce wa ka rubuta sunana. Kalma ɗaya ce, ba ta cin tawada. Kana can kana barci ba ƙarar bindiga, ni ina nan ina koyar da yara suna toshe kunne, abu ɗaya na roƙe ka ka kasa.

To ka ji abin da matarka ta koma. Na bi gida-gida ina tambayar mata wa ya sayi sukari a shagon Alhasan. Ni da mahaifina ya kai ni har sakandare, ina tsugune a madafin mutane ina tonon shara. Sa'adatu maƙwabciyarmu ta taya ni, ita ta bi gidajen bayan Masallacin Koudoukou inda ta fi ni sanin mutane. Wasu sun yi dariya, wasu sun shiga ɗaki sun fito da shafi a ninke. Wata tsohuwa ta ce ta riga ta hura wuta da nata, ta yi ta ba ni haƙuri da yaren Sango har ta ba ni kunya. Na samu abin da ya fi rabi. Na goge maiƙon da toka, na bi su da dutsen guga, na jera bisa lamba na ɗinke da zaren ɗinkin buhu. Inda babu shafi na zana da hannuna. Giwata ta fito kamar tukunya mai hanci, Sulaimanu ya yi ta dariya har ya faɗi.

Littafin yana warin sabulu, tururuwa na bin sa saboda sukari, sai a cikin kwanon murfi nake ajiye shi. Da shi muke karatu yanzu.

Ka gaida mutanen gidan da kake.

Matarka,
Zulai

Kilomita Biyar, Bangui
Tsakiyar Ramadan

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, yaya ibada? Allah ya karɓa mana. Ina fatan kana samun abin buɗa-baki mai kyau, na san ba ka son kunun kasuwa.

Amsarka ta iso, na karanta ta sau biyu ko zan ga inda ka ce ka yi kuskure, ban gani ba. Ka ce in yi haƙuri, yaya yaya ne. Ka ce ba a rubuta sunan matar aure a kan kaya 'yan dako da direbobi su riƙa kiransa a tasha, abin kunya ne. To, maigida, sunana ya fi ƙarfin bakin ɗan dako, amma 'yarka ba ta fi ƙarfin Titin Koudoukou ba? Wace kunyar ce ta fi? Duk Kilomita Biyar yanzu sun san ni, matar da ke bin bola tana neman takarda. Sunan da kake ɓoyewa yara ke kiransa a lungu.

Yayanka ya sayo tire. Sabo fil, mai zanen furanni, ya jingine shi a tsakar gida daidai inda Hureira ke zama ta kalli allo. Ita kuwa ta juya wa tiren baya.

Tana ƙoƙari, wallahi tana ƙoƙari. Ta fara haɗa baƙi da wasali, amma in kalma ta yi tsawo sai ta tsaya a tsakiya ta dube ni. Makon jiya an yi harbe-harbe wajen gada, muka kwashe zuwa cikin ɗaki, ta ja littafin ƙarƙashin gado ta ci gaba da bin layi da yatsa. Ni ce na kasa, na fita bayan ɗaki na yi kukana. Ina tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ban san me zai nuna mata ba, kuma shafukan da suka ɓata ba duka na iya tunawa ba.

Ka ce za ka sake aiko wani kwalin kafin Sallah. Na gode. Ba zan maimaita abin da na roƙa ba, ka riga ka sani.

Matarka,
Zulai

Kilomita Biyar, Bangui
Bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan ka yi Idi lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Yara sun sa kayan da ka aiko, na Sulaimanu ya yi masa yawa amma zai girma a ciki.

Ranar jajibere Lado ya leƙo gida ya ce mota ta shigo, akwai kwali daga wajenka a shago. Ban jira an kira ni ba, na kama hannun Hureira muka tafi. Shagon cike yake da masu sayayyar Sallah, ga abokan Yaya Alhasan zaune a benci. Da ya gan mu ya yi murmushi, ya ce ai dama lokaci ya yi, gara a gama a gaban shaidu. Ya waiga yana neman abin da zai nuna mata. Abin da ya fi kusa da ƙafarsa kwalinka ne, ko buɗe shi ba a yi ba. Ya tura shi gabanta da takalmi.

Ta tsuguna. Ta ɗora yatsanta a kan rubutun. Ta fara a hankali, ta tsaya a tsakiya kamar yadda ta saba, amma ba ta dube ni ba. Ta koma farko ta sake ɗaukowa, ta fitar da shi gaba ɗaya: sunan Alhasan, da na mahaifinku, da sunan titi. Wani dattijo a benci ya yi kabbara, Lado ya ce wallahi abin da ke jiki ke nan. Yayanka ya shafa gemu ya ce to, magana ta ƙare, a bar ta da karatunta. A nan dai na yaba masa, bai janye maganarsa ba. Na sunkuya na ɗora kwalin a kaina na fito, bai hana ni ba, ni ma ban tambaye shi ba. Tiren yanzu shanyar kuɓewa ake yi a kai.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma ka dubi abin da ka yi. Abu na farko da 'yarka ta karanta a duniya, a gaban mutane, da bakinta, sunan wani ne a kan kayan da ka ce nata ne. Da ta kasa, da yau tana kan titi, littafin nan na biyu kuma yana ƙunshe da gishiri.

A hanyar gida ba ta yi tsalle ba, ba ta yi dariya ba. Sai da muka kusa ƙofa ta tambaye ni ko rubutun Baba ne. Na ce nasa ne. Sai ta tambaya me ya sa bai sa sunanta ba, ko nawa. Wannan karon ban kare ka kamar kullum ba. Ita ta samo maka uzuri da kanta: ta ce wataƙila ka daɗe ba ka gan mu ba, ka manta yadda ake rubuta su.

Da muka buɗe kwalin, ba ta taɓa littafin ba sai da ta feƙe fensir. Ta ce in bar mata wuri a ƙarshen takardar nan. Ga sunayen nan a ƙasa, da hannunta, ban gyara mata ko baƙi ɗaya ba. Ta ce ka ajiye a aljihu, in za ka sake aiko kaya sai ka duba ka kwafa.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Zulai

HUREIRA
SULAIMANU
ZULAI